Ƙwayar Alkama Ɗaya Da Lamba Mai Alƙaluma Ashirin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da dukkan ma'aikatan wannan jarida. Ni tsohon malamin lissafi ne. Shekara 35 na yi riƙe da alli a makarantun sakandare kafin na ajiye aiki, yanzu ina zaune gida a Katsina. Abin da ya sa na ɗauki biro yau wata lamba ce guda ɗaya, da wani roƙo da zan yi maka a kanta. Ga lambar:

18,446,744,073,709,551,615

Ina roƙon mai karatu kada ya tsallake ta da ido kamar yadda aka saba yi wa dogayen lambobi. Alƙaluma 20 gare ta, kuma kowane ɗaya yana wurinsa da dalili.

Jikanyata ce ta kawo mini ita, wadda nake tsokana da amarya, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Bayan la'asar ta shigo zaure da wayar uwarta ta ce, "Kaka, dubi wannan, wai gaskiya ne?" Labari ne da ake ta yawo da shi a WhatsApp, na wani sarki da mai hikimar da ya ƙirƙiro wasan shaɗaranji, wanda yaran yanzu suka fi sani da ces. Sarki ya ji daɗin wasan, ya ce da mutumin ya faɗi ladan da yake so. Shi kuwa ya ce ba ya son zinariya, ba ya son doki. Allon wasan gida 64 ne, to a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya ga an raina kyautarsa, ya ce a ba shi ya tafi. Da ma'aji suka zauna lissafi sai suka dawo suka ce duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. Aka rubuta lambar a ƙarshe, aka bi ta da alamun mamaki, shi ke nan.

Na ce da ita gaskiya ne, amma an yanke mata labarin daidai inda daɗinsa ke farawa. Wannan ne ke damuna, Malam Edita. Duk inda aka kawo lamba irin wannan, don a ba mutane tsoro da girmanta ake kawo ta. A ce "malala gashin tinkiya", a riƙe baki, a wuce. Alhali girman shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a sani game da ita. Lamba tana da hali, tana da dangi, tana da gaɓoɓin da aka harhaɗa ta da su, kuma yarinya 'yar shekara 14 za ta iya gano mafi yawansu da tsinke a kan rairayi, da Hausa, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Mun gwada, ni da ita, cikin yammaci uku.

Labarin ma ba na waya ba ne, ya daɗe a hannun malaman Musulunci. Abu Raihan al-Biruni ya riga ya rubuta wannan lamba daidai, alƙalami bayan alƙalami, wajen shekara ta 1000 Miladiyya. Ibn Khallikan kuwa, alƙalin nan haifaffen Irbil a 1211 wanda ya rasu a Dimashƙa a 1282, ya kawo labarin a littafinsa na tarihin mashahuran mutane, Wafayatul A'ayan, ya kira mai hikimar Sissa ɗan Dahir, mutumin Hindu. Abin da ya fi burge ni shi ne alƙalin bai ɓoye cewa da farko zuciyarsa ba ta yarda ba. Sai da ya gamu da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ya warware masa. Mutumin bai tsaya ƙirga ƙwaya ba. Da ya kai gida na 16, inda ƙwayoyi suka zama 32,768, sai ya ce mu ɗauki wannan a matsayin awo ɗaya. Ya ci gaba da ninka awo har ya zama rumbu, ya ninka rumbu har ya zama birni cike da rumbuna, ya ƙare a gidan ƙarshe da birane 16,384. Wannan shi ne malami. Ya sauko da abin zuwa ma'aunin da ɗalibinsa ya sani.

Ni ma haka na yi wa amarya. Mu ɗauka ƙwayar alkama 20 ke yin giram ɗaya, wanda bai yi nisa da gaskiya ba. Gida na 16 zai ba ka kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, abin da za a ɗaure a leda. Gida na 21 yana da ƙwaya 1,048,576, rabin babban buhu ke nan. Har nan sarki na iya murmushi. Ka tara duk abin da ke rabin allon na farko, gida 32, za ka samu ƙwaya 4,294,967,295, wato tan 215, kayan tirela bakwai. Babban dillali a kasuwar Dawanau zai iya haɗa maka wannan. Amma gida na 33 shi kaɗai tirela bakwai ne, na 34 sha huɗu, na 35 ashirin da takwas, kuma saura gida 29 a gaba. Idan aka kai ƙarshe, jimillar ta haura tan biliyan 900. Duk alkamar da duniya ke nomawa a shekara, da ta Sin da Indiya da Rasha da Amurka da kowa, wajen tan miliyan 800 ce. Sai an tara noman duniya na sama da shekara dubu, ba a ci ko loma ba, kafin a sallami Sissa.

Kalkuletan mai shago, irin mai alƙaluma 12, yana tsayawa a gida na 41, don lambar wurin 1,099,511,627,776 ce, ta fi ƙarfin fuskarsa. Na waya kuma yakan rubuta farkon lambar ya datse wutsiyar. A wutsiyar nan kuwa halin lambar yake.

Hali na farko da muka gano da tsakuwa ne. Na ce ta tara gida uku na farko: 1 da 2 da 4, bakwai. Gida na huɗu nawa? Takwas. Ta ƙara takwas ɗin, ya zama 15. Gida na biyar? 16. Ta ƙara, 31. Na gaba? 32. Sai ta ɗago kai ta ce, "Kaka, kullum na gaba ya fi duk na baya da ɗaya." Shekara 35 ina jiran irin wannan ɗago kai a aji, kuma duk ranar da na same shi ba na jin gajiyar ranar. Dalilin kuwa a fili yake. Ka ara wa tarin ƙwaya ɗaya. Ita da ta gidan farko sun zama biyu, su da biyun gida na biyu sun zama huɗu, su da huɗun gida na uku sun zama takwas, haka har ƙarshe. Don haka ba sai ka tara lamba 64 ba. Ka jera biyu guda 64 ka ninka su da juna, ka mayar da ƙwayar da ka ara, ka gama. Lambarmu ita ce wannan ninki, ɗebe ɗaya. Kuma rabin dukiyar gaba ɗaya, ƙwaya 9,223,372,036,854,775,808, tana zaune a gida guda, na ƙarshe.

A nan zan ɗan ratse, don abin ya taɓa maƙwabcina. Shekarun baya wata harka ta shigo gari, irin wadda ake cewa ka zuba kuɗi, ka kawo mutum biyu, su ma kowa ya kawo biyu, kuɗinka su dawo ninki. Mutumin kirki ne, tela, ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya daga cikin biyu ya zuba. Bai ga ko kwabo ba. Har yau idan na wuce shagonsa na ga gurbin keken, raina yana ɓaci. Lissafin allon Sissa ne aka juya aka yanka shi da shi. Idan kowa sai ya kawo biyu, zuwa hawa na 28 ana bukatar jimillar mutum 268,435,455, sun fi duk mutanen Nijeriya, har da jarirai. Zuwa hawa na 33 ana bukatar fiye da biliyan takwas da rabi, duniya ma ta ƙare. Kuma tunda hawan ƙarshe kullum ya fi duk na sama yawa, to duk ranar da abin ya tsaya, fiye da rabin waɗanda suka shiga su ne 'yan hawan ƙarshe, waɗanda ba su karɓi komai ba. Ba rashin sa'a ba ce, ginin abin ke nan tun ranar farko. Da an taɓa zaunar da shi da tsakuwa yana yaro, ina kyautata zaton da kekensa na nan.

Sai batun suna. Amarya ta ce yaya za a karanta lambar da Hausa. Na ce tiriliyan miliyan 18 da ɗoriya. Ta yi shiru, don tiriliyan ɗin ma ba ta da hotonsa a zuci, kuma ba ita kaɗai ba. Nakan ji a rediyo, nakan kuma gani a rubuce, mai ba da labarin kasafin kuɗi ya ce biliyan a farkon magana ya koma tiriliyan a ƙarshenta, kamar wa da ƙane ne. Ga awon da nake ba ɗalibai. Idan kana ƙirga ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, miliyan za ta ɗauke ka kwana 11 da rabi. Biliyan za ta ɗauke ka kusan shekara 32. Tiriliyan, shekara 31,700. Lambar Sissa kuwa sama da shekara biliyan 584. Wanda ya musanya biliyan da tiriliyan ya musanya rayuwar saurayi da abin da ya girmi kowane birni a doron ƙasa. Kakanninmu ba sa wannan sakaci. Mutanen da suka yi ciniki da wuri, suna ƙirga dubbai a kan tabarma, suna da metan da arbaminya da hamsaminya da alfyan da zambar, kowace da adadinta, ba a haɗa wata da wata.

Yanzu ga cikin lambar, inda nake son a dakata.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai dai da ɗaya ko da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da sauransu. A ajina gagara-raba nake kiransu, kuma yara sun fi riƙe wannan sunan. Su ne tubalan ƙidaya. Kowace lamba, ko dai gagara-raba ce, ko kuma an gina ta da su ta hanya ɗaya tak. 60, alal misali, 2 ce sau 2 sau 3 sau 5, babu wata hanyar. To da waɗanne tubala aka gina lambar Sissa?

Biyu na farko a ƙofa suke. Ta ƙare da 5, don haka 5 tana raba ta. Kuma ba dace ba ne. Dubi ƙarshen ninkin biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Alƙalamin ƙarshe yana zagaye ne, 2, 4, 8, 6, ya sake komawa, huɗu-huɗu. Tunda 64 tana rabuwa da huɗu, zagayen zai tsaya a kan 6, ka ɗebe ɗaya ya zama 5. Ka san wutsiyar lamba mai alƙaluma 20 ba tare da ka lissafa ta ba. Sannan na sa ta tara alƙaluman ashirin ɗin, ta samu 87. Uku tana raba 87, don haka tana raba lambar. Tara ba ta raba 87, don haka uku sau ɗaya kawai ta shiga ginin. Biyu kuwa ba ta da wuri ko kaɗan, lambar wutiri ce, ba shafa'i ba.

Sauran tubalan suna bukatar dabara ɗaya. Na jera tsakuwa huɗu-huɗu layi huɗu, 16. Na ɗauke ɗaya daga layin sama, saura uku a layin. Na kwashe ukun nan na maƙala wa kowane layi na ƙasa ɗaya. Sai ga layi uku, kowanne da biyar. Wato huɗu sau huɗu ɗebe ɗaya daidai yake da uku sau biyar. Wannan ba halin huɗu kaɗai ba ne. Kowace lamba ka ninka ta da kanta ka ɗebe ɗaya, za ka samu abin da maƙwabciyarta ta ƙasa sau maƙwabciyarta ta sama zai ba ka. Goma sau goma ɗebe ɗaya 99 ne, tara sau sha ɗaya ma 99.

Da wannan dabarar sai tsani ya miƙe:

3 sau 5 ya ba da 15, wato 16 ɗebe ɗaya.
15 sau 17 ya ba da 255, wato 256 ɗebe ɗaya.
255 sau 257 ya ba da 65,535.
65,535 sau 65,537 ya ba da 4,294,967,295.

Wannan ta ƙarshe mun gamu da ita, ita ce kayan tirela bakwai ɗin nan, rabin allo. Taki ɗaya ya rage. Ka ninka 4,294,967,295 da 4,294,967,297, ga lambar Sissa cif. Ashe dodon da ya cinye rumbunan sarki ba kowa ba ne illa 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65,537 sau 4,294,967,297. Wanda ya riƙe 3 da dokar tsanin, ya riƙe lambar a ka.

Biyar na farkon nan duk gagara-raba ne. Ta shida fa? A nan wani babban masani ya yi tuntuɓe. Pierre de Fermat, ma'aikacin shari'a ne a birnin Tulus na Faransa, lissafi kuwa abin hutunsa ne, amma har yau ana karanta abin da ya bari. A 1640 ya rubuta wa abokansa cewa ya yi imani duk lambobin da ake hawa wannan tsani da su, wato 3, 5, 17, 257 da na gabansu, gagara-raba ne har abada. Ya faɗa a fili cewa bai kammala hujja ba, kuma ina girmama shi a kan haka. Biyar a jere sun ba shi gaskiya. Ya rasu a 1665 yana kan wannan zato.

Sai a 1732 Leonhard Euler, mutumin Siwizalan da ke aiki a Rasha, yana ɗan shekara 25, ya nuna cewa 4,294,967,297 tana rabuwa: 641 ce sau 6,700,417. Yadda ya kai ga 641 shi ne darasin. Da zai gwada kowace gagara-raba ɗaya bayan ɗaya, da akwai sama da dubu shida a gabansa, kowace da doguwar rabawa da hannu. Hanyar da ya bayyana daga baya ita ce, duk lambar da za ta iya raba wannan, dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Sai jerin ya rage: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. A cikinsu 65 da 129 da 321 da 385 da 513 ba gagara-raba ba ne, a watsar. Saura 193, 257, 449, 577, duk suka ƙi. Ta biyar ta shiga ba saura. Rabawa biyar maimakon dubbai, don ya tsaya ya yi tunani kafin ya fara wahala. Na ba amarya biro na ce ta ninka 6,700,417 da 600, da 40, da 1, ta tara. Ta samu 4,020,250,200 da 268,016,680 da 6,700,417. Da jimillar ta fito daidai, ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, "Kaka, ashe manya ma suna kuskure." Na ce suna yi, kuma a lissafi ba a duba girman mai magana, rabawa ake dubawa. Misali biyar, ko ɗari biyar, ba hujja ba ne.

Tubalan lambar Sissa ke nan guda bakwai: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417, kowanne sau ɗaya tak. Daga nan ma za ka san lambobi nawa ne ke raba ta daidai. Kowane tubali ko ka ɗauka ko ka bari, zaɓi biyu sau bakwai, 128 ke nan, har da ɗaya da ita kanta. A cikin lambobi tiriliyan miliyan 18, guda 128 kacal.

Shekarar nan ta 1732 tana taɓa ni ta wani wajen, a matsayina na Bakatsine. A cikinta ne Malam Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, ɗan ƙasar nan tamu, ya rubuta littafinsa da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lambobi mai gidaje wutiri, irin wanda duk layin da ka tara, tsaye ko kwance ko karkace, jimilla ɗaya za ka samu. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira. Masu binciken tarihin lissafi a ƙasashen waje suna ambatonsa. Ni kuwa na koyar da ɗaruruwan yara da ke wuce hasumiyar Gobarau kullum, ban taɓa samun wanda ya zo ajina da sunansa a baki ba. Idan yaro ya ce mini lissafi kayan Turawa ne, hatimi mai gida tara nake zana masa, 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, in ce ya tara ta ko'ina. Sau da yawa sai ya ce ai ya taɓa ganin wannan a allon kakansa.

Zaton Fermat bai sake tashi ba. Lamba ta gaba a tsanin ta fi ta Sissa da biyu ne kawai, ta ƙare da 617 maimakon 615. Wani Bafaranshe, Fortuné Landry, ya fasa ta a 1880 yana da shekara sama da 80: 274,177 ce sau 67,280,421,310,721. Nakan tuna da shi duk lokacin da tsararrakina suka ce kai ya tsufa da karatu. Yau da manyan kwamfutoci an bi tsanin hawa da yawa, kuma bayan 65,537 ba a sake samun gagara-raba ko ɗaya a kansa ba. Ko akwai wata can sama, tambaya ce da ke buɗe ga duniya har yanzu, kuma yarinyar da ke zaurena ta fahimci tambayar sarai.

Wani zai ce to mene ne amfanin duk wannan ga talaka. Ba na son tambayar, don ba a yi wa waƙa ko dara ita, amma tana da amsa. Carl Gauss na Jamus, a 1796, bai cika shekara 19 ba, ya gano cewa ana iya zana siffa mai kusurwa 17 daidai-wa-daida da rula da kamfas kaɗai, abin da ya shige wa masana duhu shekara dubu biyu, kuma sirrin yana cikin lambobin tsanin nan ne. Kusa da mu kuma, wayar da amarya ta shigo da ita da sifili da ɗaya kawai take ƙirga. A irin ƙidayarta, lambar Sissa ɗaya ce guda 64 a jere, ba sifili ko guda, kuma ita ce lamba mafi girma da na'ura mai gurbi 64 ke iya riƙewa a zubi ɗaya. Tsohon tsarin adireshin intanet mai gurbi 32 ne, adireshi 4,294,967,296 kawai yake da su, rabin allo da ƙarin ɗaya, shi ya sa babbar taskarsu ta ƙare a 2011 aka koma faɗaɗawa. Ita kuwa 65,537, masu tsara makullin sirri na intanet sun zaɓe ta cikin ɗaya daga manyan hanyoyin da ake kulle saƙo, irin wanda ke tsare mutum idan yana tura kuɗi ta waya. Mai POS a bakin kasuwa yana mu'amala da dangin lambar nan kullum bai sani ba.

Roƙona, Malam Edita, ka ware mana ɗan gurbi a jaridar nan, ko rabin shafi ne a mako, na lissafi da Hausa. Ba tambayoyin jarrabawa nake nufi ba, waɗannan suna da masu su. Lamba ɗaya a ɗauko a juya ta, a ga gabanta da bayanta, da kalmomin da uwa za ta iya karanta wa ɗanta. Na ga yara da yawa da aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci a lissafi, alhali Turancin tambayar ne ya kayar da su. Yaron da ke ba da canji a shagon ubansa ba ya kuskuren naira ɗaya, shi ne a aji ake ce wa ba ya ja. Akwai tsofaffin malamai irina a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram da za su rubuta ba tare da neman ko sisi ba, ni ne na farko. A wurin ne kuma za mu daidaita kalmomi. Idan wani yana da sunan da ya fi gagara-raba, ya kawo, zan karɓa da hannu biyu.

Don a fara, ga aikin da na bar wa amarya, na kuma miƙa shi ga masu karatu. Mu bar allon Hindu mu dawo darar gida, mai rami 30, biyar sau shida. Idan aka yi irin ninkin Sissa a kanta, jimillar 1,073,741,823 ce, wajen buhu 537 na alkama. A fitar mini da tubalanta. Dabarar tsakuwa za ta raba ta gida biyu, 32,767 da 32,769. Ita ta tara alƙaluma ta samu 36, ta gane tara na ciki, jiya kuma ta zaƙulo 7 da 11. Saura mata uku, kuma na hana yayanta ya taɓa mata kalkuleta. Wanda ya riga ta ya aiko ta hannunka.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Katsina.